Mai Hoto a Nubel, Tsakanin Soja da 'Yan Daji

Gada ce ta kai ni Duwala. A Fatakwal wani mai zaƙin baki ya tara mu, ya ce Faransawa na gina wata gada a kan kogin Wuri, lebura a can yana samun abin da akawu ba ya samu a Kano. Ya karɓi na hannunmu, ya zuba mu a jirgin ruwa, ya ce zai biyo na baya. Na yi ta amai a sararin jirgin nan har na daina sanin gabas. Da muka shiga bakin kogin, wani fasinja ya nuna mini da leɓe, ya ce, “Ga gadarku can.” Na duba. Gada kam ga ta, doguwa, kyakkyawa, har da jirgin ƙasa yana bi ta kanta. An riga an gama ta.

Haka na sauka, ba aiki, ba kuɗin komawa Ƙauran Namoda, ba Faransanci ko kalma ɗaya. Wani mai dako ya ga rigata, ya ce mini da broka, wato gurɓataccen Turanci, in nufi unguwar Nubel, can Hausawa suke.

Nubel ba ta yi kama da kowane gari da na sani ba. Gidajen katako ne a cunkushe a kan fadama, in an yi ruwa, kuma kullum cikin yinsa ake, sai ka bi ta kan falankai kamar mai tsallake rafi. Kowace ƙabila da yankinta: Bamileke, Basa, mutanen Yawunde, sai mu. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne duk wanda ya gan ni sai ya kira ni Magida. Ashe haka suke kiran kowane Bahaushe. Ni da ko tabarma ba ni da ita, ga ni na zama maigida. Su kuma mai mutunci a cikinsu ana kiransa Mushe. Sai da na daɗe kafin in iya faɗin kalmar nan ban yi dariya ba.

Alhaji Sambo, wani dattijo mai saukar fataken shanu, shi ya ba ni kusurwa a zaurensa. Kakansa daga Kano ya zo, shi kuwa a Nubel aka haife shi. Daren farko ya gargaɗe ni.

“Yaro, ka ga garin nan yana tafasa. 'Yan ƙasa na son Faransa ta tafi. Mu kasuwa ta kawo mu. Ka gani ka yi kamar ba ka gani ba.”

Na ce to. Amma ni tun ina ƙarami an san ni da tambaya, har uwata kan ce da tambaya a baki aka haife ni.

Tambayar ce ma ta samo mini aiki. A bakin babbar kasuwa na ga wani mutum ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle a bayan wani akwati mai ƙafa uku, can ya zura hannu ciki ya zaro fuskar mutum a jiƙe. Na tsaya ina kallo har rana ta yi tsaka. Washegari na koma, jibi ma haka. Sai ya fito da kai ya ce, “Magida, in ba hoto za ka ɗauka ba, riƙe mini labule.” Shi ne Mushe Kamga, Babamileke, gajere, mai tsabta, kullum da taye a wuya ko da zafi zai kashe shi. Yana neman wanda zai jawo masa Hausawa, ni ina neman abinci. Muka daidaita. A hankali ya koya mini auna haske, da wanke hoto, da yadda ake sa mutum ya daina ƙifta ido.

Shagonsa yana jikin gidansa a yankin Bamileke. Matarsa, Madam Odet, tana da tebur a ƙofa, tana sayar da taba da gyaɗa. Ita ta fara ba ni rogo da aka naɗe a ganye, ta zauna tana dariyar yadda nake ɓata fuska. Da ta fahimci ba na cin namansu, sai ta ware mini tukunya, ta riƙa dafa mini kifi, ba tare da na roƙa ba. Ƙanenta Emil kafinta ne, a bayan gidan yake aikinsa. Ban taɓa ganin mai son raha irinsa ba. In masu taron neman 'yanci suka zo kiransa, sai ya ɗaga zarto ya ce, “In 'yancin ya iso ku aiko shi, in yi masa kujera.” Burinsa biyu ne, keke da wata yarinya mai suna Terez.

Bayan an yi wata babbar tarzoma aka hana taron, sai masu zafin cikinsu suka shiga daji. Makiza ake kiransu. Da farko mutane suna faɗin sunansu da sha'awa. Daga baya suka fara shigowa unguwa karɓar haraji, wanda ya ƙi a ƙone masa shago. Suka sare wani tsohon tela a layinmu, wai yana kai rahoto, alhali kowa ya san mutumin ko ji sosai ba ya yi. Ranar jana'izarsa na ji Madam Odet tana tsine musu a fili, mata suna amsa mata. Da a ce abin ya tsaya haka, ina ganin unguwar da kanta za ta juya musu baya.

Sai aka kawo soja. Motoci cike da su, yawancinsu dogaye baƙaƙe daga Cadi, da Turawa kaɗan a kansu. Aka ja waya mai ƙaya, aka kafa shinge a kowace mashiga, aka ce ba mai fita sai da takardar wucewa mai hoto, lasefase. Mu kam kasuwa ta buɗe mana, layi har kan titi. Kuma gaskiya ita ce an samu sauƙi. Masu karɓar haraji suka ɓace, aka yi watanni ba a ƙone shagon kowa ba. Alhaji Sambo ya ce mini, “Ka gani ko? Bindiga ta zo, kowa ya shiga hankalinsa.” Mushe Kamga ma haka ya ce. Yakan ce wanda takardunsa suka cika ba abin da zai same shi.

Wata safiya muna buɗe shago muka ji usur ta ko'ina. Aka kewaye yankin, aka kora duk namiji zuwa wani fili kusa da layin dogo, aka zaunar da mu a rana, hannu a ka. Aka fito da wani mutum an rufe masa kai da buhu, an huda wurin ido. Ana wucewa da mu ta gabansa ɗaya-ɗaya, wanda ya gyaɗa wa kai sai a jefa shi mota. Ni duk da tsoro ya cika ni, ƙafafun mutumin nake kallo, ina son in gane ko wane ne.

Kafin a zo kaina wani soja ya dafa ni da gindin bindiga, ya ce, “Kai, Bahaushe ne?”

Na ɗaga kai. Hausa ce tsantsa, irin ta Damagaram.

“Daga Ƙauran Namoda, ranka ya daɗe.”

“Me ya kawo ka cikin waɗannan? Tashi ka ɓace.”

Na tashi. Ina waiwaye na ga mai buhu ya gyaɗa wa Emil kai.

Sojan nan shi ne Kafaran Isa, kafaran kuwa shi ne kofur a wurinmu. Bayan 'yan kwanaki ya zo shago ɗaukar hoton da zai aika wa uwarsa, ya gane ni. Ya tambaye ni ko akwai inda ake samun tuwo da miyar kuka a garin nan. Na kai shi gidan Alhaji. Ya ci loma biyu, ya tsaya, ya kau da kai yana share ido. Ni ma a lokacin na shekara biyu ban ji labarin gida ba, sai na bar shi ya gama. Daga nan duk Juma'a bayan masallaci sai ya biyo mu cin tuwo. Ya haura shekara arba'in, mutumin Damagaram ne amma a Cadi aka ɗauke shi soja, ya yi yaƙi a wata ƙasa mai nisa da yake kira Andoshin.

Wata rana na tambaye shi, “Yaya Isa, don Allah, makizan nan raguwa suke yi ko ƙaruwa?”

Ya yi dariya. “Kai da tambaya. Laftanan ɗinmu ya ce sun kusa ƙarewa.”

“Kai fa me ka ce?”

Ya suɗe yatsunsa tukuna. “A Andoshin ma haka aka ce mana. In muka shiga ƙauye, mu kama mutum goma, wataƙila ɗaya ne nasu. Mu tafi da shi, an rage ɗaya. Sauran taran mun dake su, mun sake su. Kowannensu yana da wa, yana da ƙane. In muka dawo bayan damina, ƙauyen duk mata ne da tsofaffi.”

Alhaji ya ce, “To ku tafi ku bar mu da masu adda ke nan?”

“Ban ce ba, Baba. Ran da muka tafi, su za su shigo su yanka duk wanda ya taɓa gaishe mu, har da ku. Shi ya sa ni ba na tunani. Ƙafa aka ɗauke ni in yi aiki da ita.”

Emil ya dawo bayan wata da watanni. An aske masa kai, yatsun hannunsa na dama sun karye sun haɗe a karkace. Ya ɗauki zarto, zarton ya faɗi. Ya bar shi a ƙasa. Terez ta zo gaishe shi, ya ƙi fitowa. Ya yi kwanaki yana zaune a bayan gida yana kallon katako. Ran nan ya sa rigarsa ta coci, ya ce in ɗauke shi hoto a tsaye, ya ba yayarsa. Washegari ba a gan shi ba. Ba shi kaɗai ba ne. A watannin nan samari da yawa sun zo sun ɗauki hoto a tsaye cikin kayansu masu kyau, daga nan ban ƙara ganinsu ba. Wasu kuma sun zo neman hoton lasefase don su gudu ƙauyensu, su huta da soja da makiza gaba ɗaya.

Damina ta zagayo, sai Madam Odet ta ja ni gefe. Ashe tana aika wa Emil abinci ta hannun wata mai sayar da rogo. Ta ce ya aiko yana zazzaɓi, yana son magani, kuma yana son in zo da akwatin hoto. Bahaushe mai hoto ba a cika tsare shi a shinge ba. Mushe Kamga yana jin mu, ya juya baya yana goge gilashi, ya ce shi bai ji komai ba. Na san akwai haɗari. Amma na ci kifin matar nan shekara da shekaru, kuma ina son in ga mutanen nan da idona.

Na wuce shingen Ndokoti, a bakin gari, da cewa biki zan ɗauka. Mai rogo ta sha gabana, muka bar hanyar garin Edeya, muka ratsa gonakin kwakwa, muka tsallake wani rafi a kan gungume. Na zaci zan ga mayaƙa. Abin da na tarar mutane ne ramammu a ƙarƙashin rumfunan ganye, ƙafafu duk gyambo, adduna sun fi bindigogi yawa. Hotunan lasefase na jabu suke so. Na rataya labule a jikin bishiya na fara aiki, kuma duk wanda ya zauna a gabana sai na tambaye shi abin da ya kawo shi.

Wani mai tabarau, tsohon malamin makaranta, ya ce shi tun kafin a ga soja ɗaya ya shigo, don ƙasar tasu ce, ba ta Faransa ba. Wani ya ce an ƙone ƙauyensu. Wani ya ce an tuɓe ubansa a shinge a gaban mata. Wani saurayi kuwa ya jira har na matso gyara masa wuya, ya raɗa mini cewa shi daga gona makizan suka ɗauke shi da ƙarfi. Ya ce yunwa ta kori da yawa, tun da soja suka tare hanyar abinci kullum sai an wayi gari wani ya gudu. Shi ma yana son gudu, amma in ya fita soja za su harbe shi, in aka kama shi yana fita nan ma a yanka shi.

Emil ne na ƙarshe. Ya karɓi maganin, bai tambayi yayarsa ba.

Na ce, “Emil, kai da ka ce za ka yi wa 'yanci kujera?”

Ya ɗaga mini hannun nan karkatacce. “Da wanne?” Sannan ya ce, “An ce akwai wani kafaran da ke cin abinci a unguwarku ran Juma'a. Shi kaɗai yake zuwa?”

Na ce, “Mutumin nan shi ya tashe ni daga fili.”

“Ya tashe ka. Ni ya bar ni.”

Na ce masa ban san hanyar da yake bi ba. Ya dube ni, ya san ƙarya nake yi, ya ce in kwashe kayana.

Juma'ar da ta biyo na tare Kafaran Isa a ƙofar masallaci, na ce, “Yaya, tuwon gidanmu ya ƙare. Kada ka ƙara zuwa.” Bai tambaye ni dalili ba, ya ce Allah ya saka, ya juya.

Da makiza ba su same shi ba, sai suka samu wani. Wani sojan Cadi, sabon zuwa, ya tsaya sayen taba a teburin Madam Odet da la'asar. Mutum biyu suka fito daga lungu da adduna. Kafin ta yi ihu sun gama, sun ɗauke bindigarsa. Jininsa har kan gyaɗarta.

Da hantsi washegari motoci suka iso. Aka ce duk layin a fita. Cikin masu ɗauke da galan na fetur na ga Kafaran Isa. Ya wuce ta gefena bai dube ni ba, ya ce ƙasa-ƙasa, “Fitar da akwatinka yanzu.” Na ruga na sungumo shi.

Mushe Kamga kuwa ya gyara tayensa, ya ɗebo takardunsa, na haraji, na shago, na wucewa, ya nufi Baturen da ke ba da umarni. Ya yi masa Faransanci mai kyau, cikin ladabi, yana miƙa takardun da hannu biyu. Baturen bai karɓa ba. Ya mare shi, takardun suka watse cikin taɓo. Ya sa aka durƙusar da shi, sannan ya miƙa masa ashana, ya nuna masa ƙofar gidansa da aka riga aka jiƙa da fetur. Da bindiga a ƙeyarsa Mushe Kamga ya kunna wa gidansa wuta. Katako ne, bai ɗauki lokaci ba.

Alhaji Sambo, wanda ya ce rigimar ba tamu ba ce, shi ya aiko a kawo Mushe Kamga da matarsa gidansa. Ya sa aka shigar da Madam wurin iyalinsa, ya ba Mushe Kamga shimfiɗa kusa da tawa.

Na dawo daga sallar asuba na tarar da shi a zaune ya ɗaure takalmi. Ba taye a wuyansa.

Ya ce, “Hamisu.” Ranar ce ya fara kirana da sunana. “Bayan Ndokoti, ta ina ake barin hanya?”

“Mushe, ka haura hamsin. Can ba abinci, ba magani. Makizan ne fa suka jawo mana wannan. Na gan su, ba abin da za su iya yi wa Faransa.”

“Na sani. Ta ina ake barin hanya?”

Na roƙe shi, na kira masa sunan matarsa. Ya saurare ni har na gama, ya sake maimaita tambayar. Na faɗa masa. Ya dafa akwatin hoto ya ce nawa ne, in kula da shi kada damshi ya shiga. Ya ce kada in gaya wa Odet sai ya yi nisa. Ya fita.

Rana ta ɗan ɗaga sai ga Madam Odet ta fito daga cikin gida, ta ci ɗamara, ta ɗaure kai tamau. Idonta a bushe.

Ta ce, “Magida, tashi ka raka ni bariki. Kana da aboki a can, za su saurare mu.”

“Me za ki yi a bariki, Madam?”

“Zan nuna musu inda suke. Na san rafin, na san gungumen. A kan teburina suka yanka ɗan mutane, sun san abin da zai biyo baya, ba su damu ba. Ni na goyi Emil a bayana, ni nake ciyar da shi a dajin, ya aiko a ƙone ni. Yau sai an gama da su.”

Wuta ɗaya ce, gida ɗaya, ga shi ta tura miji daji, tana tura mata bariki.

Ta dubi shimfiɗar da ke gefena. “Ina Kamga? Ya je duba gidan?”

“Madam, zauna.”

“Ba zama na zo yi ba. Ina yake?”

Na ce, “Ya tambaye ni hanyar rafin tun da asuba. Yanzu ya wuce Ndokoti.”

Ta tsaya kamar ba ta ji broka ba. Ta ce, “Kamga? Kamga da ko kaza ba ya iya yankawa?” Ta yi wata 'yar dariya, ta taka har bakin ƙofar zaure, ta tsaya tana kallon hanya. Hanyar dama ta nufi bariki, ta hagu ta nufi Ndokoti. Fataken shanu suna shiga suna fita, suna raɓa ta. Ni dai ina zaune, ban san wadda za ta bi ba.

Can ta dawo, ta zauna a kan shimfiɗar mijinta, ta kwance ɗamarar a hankali, ta ninke ta a cinya.

Ta ce, “Ko ruwa bai sha ba ya tafi, ko?”

Na ce bai sha ba.

Ta ce, “Je ka nemo mini mai rogon nan. Ka ce mata daga yau abincin na mutum biyu ne.”